Takun Farko Da Asuba: Abin Da Ya Kamata Ki Sani Game Da Ciwon Dunduniya



Akwai wani ciwo da ba ya kwantar da mutum, ba ya sa zazzaɓi, ba ya kumbura balle a gani a yi miki sannu, amma yana iya shafe shekara guda yana cin ranki. Kin tashi da asuba za ki yi alwala, kina sauke ƙafa daga gado sai ki ji kamar kin taka ƙusa a dunduniya. Ki dafa bango, ki ɗingisa zuwa inda buta take. Kafin ki gama shara ki hura wuta ya lafa, har ki manta da shi. Da rana kin zauna tsintar shinkafa ko kitso, kina miƙewa sai ga shi ya dawo sabo fil. Da dare kuwa, bayan wunin tsayuwa, dunduniyar ta ɗauki zugi.

Idan haka naki yake, kusan na san ko wane ne tun kafin ki cire takalmi. Ciwon jijiyar tafin ƙafa ne, kuma shi ne kan gaba wajen kawo ciwon dunduniya ga manya. Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin goma zai gamu da shi a rayuwarsa, galibi tsakanin shekara 40 zuwa 60. A nan yankinmu na Gwarzo da Kabo, masu shi ba su cika zuwa asibiti ba sai sun gama zagaye: an ce sanyi ne an sha jiƙo, an ce asiri aka tsallaka an yi turare, an je kemis an karɓo haɗi, wani ma an kai shi gun wanzami. Ga kuɗi sun tafi, ga ciwo yana nan. Alhali maganinsa na gaskiya kusan kyauta ne, a tsakar gida ake yinsa. Abin da yake ci shi ne lokaci.

Baka da tsirkiya

Ki dubi tafin ƙafarki ta gefen ciki. Bai kwanta a ƙasa gaba ɗaya ba, akwai lanƙwasa a tsakiya kamar bakan maharbi. Ƙasusuwa 26 ne a ƙafa ɗaya, kuma babban abin da ke riƙe da su a wannan lanƙwasar wata jijiya ce mai faɗi, wadda ta taso daga ƙashin dunduniya ta bazu zuwa gindin yatsu. Ita ce tsirkiyar bakan. Ba jijiyar jini nake nufi ba, irin farar jijiyar nan ce mai tauri da mahauci ke cirewa daga nama. In kina son ki taɓa ta, ki kama babban yatsan ƙafarki ki ja shi sama, ki shafa tafin da ɗaya hannun. Igiyar da kika ji ta miƙe, ita ce.

Duk takun da kika yi, nauyinki yana danne bakan, tsirkiyar ta miƙe, sannan ta koma. Sau dubbai a wuni. In aikin ya fi ƙarfinta, sai ta fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan a daidai inda ta kama ƙashin dunduniya. Shi ya sa in aka danna da yatsa a ƙasan dunduniyar, ɗan gaba kaɗan ta wajen ciki, sai mai ciwon ta zabura. Cikin dare kuma ƙafa tana sakewa, yatsu su kalli ƙasa, jijiyar ta takure ta fara haɗewa a takure. Kina takawa da asuba sai ki fizge ta da nauyinki duka. Wannan ne sirrin zafin takun farko, kuma shi ne dalilin da ya sa yake lafawa in jijiyar ta ɗumama.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya fito da abubuwa uku da suka fi jawo shi: ƙiba, wuni a tsaye wurin aiki, da taurin sharaɓa wanda ke hana ƙafa tanƙwasowa sama sosai. Na ukun ne ya fi ƙarfi, kuma shi ne wanda ba a taɓa zargi. Naman sharaɓa yana sauka ne ta agara, jijiyar nan mai kauri ta bayan idon sawu, ya kama ƙashin dunduniya ta baya, ita kuma jijiyar tafi ta kama shi ta ƙasa. In na sama ya ɗaure, na ƙasa ne ke biyan bashi.

Sauran biyun kuwa ba sai an je Amurka ba. Malamar firamare a gaban allo, mai shayi, mai injin niƙa, ɗan dako ranar kasuwar Getso, ɗan garuwa, mu ma'aikatan jinya masu kwana muna zirga-zirga a ɗakin marasa lafiya, duk layi ɗaya muke. Haka mai ciki da nauyi ya ƙaru mata cikin 'yan watanni, da wadda jego ya karɓa ta yi jiki. Maigida, kai ma da ka ajiye tumbi ka koma zaman shago, ranar da ka ce za ka koma ƙwallo ko ka taka daga Kabo zuwa Garo don motsa jini, ka san jijiyar ba ta shirya ba. Canjin da aka yi farat ɗaya ya fi wahalar da ita a kan aikin da ta saba. Alhazai shaida ne. Mutumin da a gida babur ke kai shi masallacin Juma'a, ya je Makka ya yi ɗawafi da sa'ayi ba takalmi a kan daɓen dutse, sa'ayin kaɗai kusan kilomita 3, ga tafiyar jifa a Mina. Da yawa suna dawowa da tsarabar ciwon dunduniya. Wanda ya samu kujera, ya fara tattaki a hankali tun watanni kafin tashi.

Akwai kuma wani abu da ni a ganina muke raina shi. Kakanninmu a kan daɓen ƙasa da rairayi suka yi rayuwa, ƙasa kuwa tana ɗan lotsawa ta karɓi nauyi. Yanzu tsakar gida siminti, ɗaki tayil, kicin tayil. Ya yi kyau, ya yi sauƙin wankewa, amma ba ya rangwame. Uwargida ta wuni a kansa ba takalmi, ko da silifar da bayanta ya cinye ya zama kamar ganye. A ƙarƙashin ƙashin dunduniya Allah Ya shimfiɗa wani kitse mai aikin gammo, yana tare bugun ƙasa, kuma yana sirancewa in shekaru suka ja. Ki haɗa gammon da ya lafe da tayil da silifar bara, kin ga inda aka dosa.

Abin da za ki yi a gida

Ki fara da takalmi, domin in ba a gyara shi ba sauran duk zuba ruwa a rariya ne. Daga yau kada ki sake taka siminti ko tayil ƙafa tsirara, ko da daga gado zuwa banɗaki ne. Ki ajiye takalmi na cikin ɗaki a gindin gado. Wurin saye, ki riƙe takalmin ki lanƙwasa shi. Mai kyau a wajen yatsu kawai yake lanƙwasuwa. Wanda ya ninke biyu a tsakiya, ko kika murɗe shi kamar tsumma, ki mayar wa mai shi. Ki nemi mai kauri da taushi a dunduniya, bayansa ya ɗara gabansa tudu da kamar santimita 2 zuwa 3, kuma ya kama ƙafa. Shimfiɗaɗɗe sumul ba ya taimako, mai tsini na biki ma haka. Kambas mai kyau, ko na gwanjo ne daga Ƙofar Wambai, ya fi sabuwar silifa amfani, muddin ƙasansa bai goge ba. Na san wata za ta ce kambas da atamfa ai abin dariya ne. To, a tsakar gida wa ke kallonki? Manyan shagunan magani a Kano suna sayar da ɗan matashin roba mai laushi da ake sawa a dunduniyar takalmi. In bai samu ba, mai gyaran takalmi zai iya liƙa miki soso mai kauri. A sa a ƙafa biyun, kada tafiya ta karkace.

Sai miƙa jijiya, wanda shi ne ainihin maganin. Kafin ki sauko daga gado, ki zauna ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar. Ki kama yatsun duka ki ja su baya wajen ƙauri har ki ji tafin ya miƙe, ki ƙirga goma, ki saki. Ki maimaita sau goma. Haka za ki yi sau uku a wuni, da duk lokacin da kika daɗe a zaune kafin ki miƙe. In hannunki ba ya kaiwa, ki miƙe ƙafar, ki zarga ɗankwali a gindin yatsun ki ja. Minti biyu ne, amma mata da yawa da shi kaɗai suke samun sauƙin takun asuba cikin 'yan makonni.

Sharaɓa kuma a jikin bango ake yi mata. Ki dafa bango da hannu biyu, ƙafar mai ciwo a baya, gwiwarta a miƙe, dunduniya a ƙasa kada ta ɗaga. Ki tanƙwasa gwiwar gaba ki matsa jikinki zuwa bangon har ki ji bayan ƙafar yana ja. Ki tsaya rabin minti, sau uku, safe da yamma. Ja za ki ji, ba zafi mai sa ƙwalla ba. In zafin ya fara sauka, ki ƙara da ƙarfafa ƙafar: ki tsaya a bakin matakala ko dakali da gaban ƙafa, ki naɗe tawul a ƙarƙashin yatsun, ki ɗaga dunduniya sama a hankali, ki sauke a hankali, kwana ɗaya a yi kwana ɗaya a huta. A ƙasar Denmak aka gwada wannan, waɗanda suka yi sun riga masu miƙa jijiya kaɗai samun sauƙi a wata uku na farko. Ki riƙe wani abu, kuma mai tsohon ciki da tsofaffi su bar wannan.

Da dare in tana zugi, ki murza tafin a kan gorar ruwa mai ƙanƙara na minti goma zuwa sha biyar. In babu wuta babu ƙanƙara, kwalba ma ta yi, tausar ce ake so. Aiki kuma ba cewa na yi ki kwanta ba, kwanciya ba ta warkar da shi. Ki rage tsayuwar da za a iya yi a zaune. Wanke-wanke, yankan kayan miya, guga, duk kujera 'yar tsugunno ko benci sun isa. Mai shago ya sa kujera mai tsawo, ya shimfiɗa tabarmar roba mai kauri inda yake tsayawa. A watan azumi, in doguwar tsayuwar tahajjud tana tayar miki da shi, ki ninka darduma biyu, ki tambayi malamai hukuncin zama a nafila. In akwai ƙiba, ko kilo kaɗan kika sauke dunduniya za ta sani.

Ga magana mai ɗaci: ba ya tafiya a mako guda. Sauƙi yakan fara ne bayan wata ɗaya zuwa biyu, warkewa kuma tana iya kaiwa wata shida zuwa shekara. Amma kusan takwas zuwa tara cikin goma suna rabuwa da shi ta waɗannan hanyoyin, ba allura ba tiyata. Inda ake faɗuwa shi ne a yi kwana biyar a ce ba ya aiki, ko a ji sauƙi a koma wa tsohuwar silifa.

Haɗin kemis, allura da aska

Wannan jiran ne mutane ba sa iya yi, shi ya sa haɗin kemis ke da kasuwa. A ƙulla miki ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, ba suna ba kwali. Sau da yawa a ciki akwai diklofenak da ibufurofen ko firoksikam, waɗanda dangi ɗaya ne, ba a haɗa su. Haɗa su ba ya ƙara kashe ciwo, ciki da ƙoda yake ƙara wa wahala. Wani lokacin har da deksa, wadda in aka daɗe ana sha take kumbura fuska, ta tayar da suga da hawan jini. Ciwon da zai yi wata shida, ki ƙirga ledoji nawa ke nan. A ɗakin marasa lafiya muna karɓar masu aman jini da baƙin bahaya, in aka bi diddigi a tarar daga ciwon ƙafa ko na gwiwa aka faro. In zafin ya matsa, farasitamol ya isa a fara da shi, ko na shafawa. Ibufurofen kuwa shi kaɗai, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai ciki kada su taɓa shi sai likita ya ce.

Allurar da ake yi a cikin dunduniyar tana da gurbinta, amma likita ne ke yinta, bayan an yi watanni ana miƙa jijiya ba a dace ba. Sauƙinta na 'yan makonni ne, kuma in aka yawaita tana narkar da gammon kitsen nan, wanda ba ya dawowa, tana iya ma sa jijiyar ta tsinke. Kada ki yarda a yi miki ita a shago. Tsaga, ƙaho da sakiya kuwa, babu mataccen jini a wurin balle a fitar. An dai buɗe rauni a wurin da ke taka ƙasa kullum.

Sai batun hoto. Wata za ta je Kano a ɗauki hoton ƙafar, a nuna mata wani ɗan tsiro kamar ƙaya a ƙashin dunduniya, ta dawo hankali a tashe wai ƙashi ne ke sukarta sai an yi aiki. Ki kwantar da hankalinki. Mutane da yawa suna da wannan tsiron ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna da ciwon ba su da tsiron. Ba ƙasa yake kallo ba, gaba yake kallo wajen yatsu, kuma in ciwon ya warke yana nan inda yake. Yawancin masu ciwon nan ma ba sa buƙatar hoto, bayaninsu da danna wurin sun isa.

In ba shi ba ne fa?

Ba kowane ciwon dunduniya ne na jijiyar tafi ba. In zafin a baya yake, inda takalmi ke gogar ƙafa ko ɗan sama da nan, agara ce. A nan akwai abin da nake so kowa ya riƙe, saboda yadda muke shan maganin taifot kamar gyaɗa. Sifrofuloksasin, wanda aka fi sani da Cipro, da danginsa suna iya raunana agara har ta tsinke. Tun 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a jikinsu, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 60 ko yake shan deksa da ire-irenta. Kina shan sa kika ji agara ta fara ciwo, ki dakata ki koma wa likita a ranar. Wanda kuma ya ji kamar an doke shi da sanda a bayan ƙafa, ya kasa tsayawa a kan yatsu, asibiti kai tsaye, ba gidan maɗori ba.

Yaro ɗan shekara 8 zuwa 14 da ke dawowa daga ƙwallo yana ɗingishi yana taka yatsu, in kika matse gefe da gefen dunduniyar ya yi ƙara, galibi wurin girman ƙashin ne agara ke ja. Ba ƙarya yake yi don gudun aike ba. A rage masa ƙwallo na ɗan lokaci, a saya masa takalmi, a koya masa miƙa sharaɓa, yana wucewa in ƙashin ya gama girma. Amma in mai sikila ne, ko akwai zazzaɓi da kumburi da ɗumi a wurin, kada a kwana. Haka babba da ciwon ke tashinsa daga barci, ko ƙafar ta ƙi takuwa bayan faɗowa, ko ciwon ya kama dunduniya biyu tare da ƙugu da gaɓoɓi, ko ya zo da dindiris da zafi kamar an zuba barkono. Manomin da tushiyar kara, ƙayar aduwa ko ƙusa ta soka, a wanke, a duba ko wani abu ya karye a ciki, a yi allurar tetanos.

Faso ma ciwon dunduniya ne, kuma da hunturu kusan kowane gida akwai shi. Ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da dare, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki shafa man kaɗanya ko basilin tun tana da damshi, ki sa safa. Banda reza, banda ɗiga kyandir a cikin tsagar.

Mai ciwon suga kuwa dokarta daban. Suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har ƙaya ta shiga ba a ji ba, kuma yana hana rauni warkewa. Daga faso ɗaya ake zuwa gyambo, daga gyambo a kai ga yanke ƙafa. Kada ta jiƙa ƙafa a ruwan zafi, kada ta kanga ta a garwashi da sanyi, kada ta murza ƙanƙara, kada ta fita tsakar gida ba takalmi. Kullum ta duba tafin da madubi ko ta sa 'yarta ta duba, har tsakanin yatsu. Baƙin lalle a tafin ƙafa yana ɓoye canjin launi, ni dai da za a bi tawa ta haƙura da shi. In kina da ciwon ƙafa mai dindiris kuma ba ki taɓa gwajin suga ba, ki yi. Digon jini ɗaya ne.

In kin yi wata biyu zuwa uku kina bin abin da na lissafa babu wani sauyi, ki je babban asibitin Gwarzo ko asibiti mafi kusa da ke. Daga nan in da buƙata za a tura ki sashen gashi, ko asibitin ƙashi na Dala, ko na Malam Aminu Kano, inda ake da takalmin dare mai riƙe ƙafa a tanƙwashe da sauran dabaru. Ranar zuwa ki tafi da kwalayen duk maganin da kika sha, har da ragowar ledar haɗin, ki kuma ɗauko takalmin da kika fi sawa, kada ki ji kunyar tsufansa. Inda ya cinye yana nuna wa mai dubawa yadda kike taka ƙasa.